Rangwamen Da Ba Ya Isa Gonar Riɗi

Tun da aka sa hannu a sabuwar dokar harajin Najeriya a watan Yunin 2025, aka ajiye 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikinta, wata tambaya ta maƙale a bakin 'yan'uwanmu masu albashi: in mutum ya kashe kuɗi a asibiti, za a rage masa haraji? Ƙurar maganar ta iso har nan Gadarif, a gabashin Sudan, domin Bahaushen nan kunnensa ɗaya na Khartum ne, ɗayan kuwa bai taɓa barin Kano da Sakkwato ba. Amsar dai gajera ce. A'a. Dokar ta jera abubuwan da ake cirewa daga samun mutum kafin a yanka masa haraji: kuɗin fansho, na asusun gidaje, inshorar rai, ruwan bashin gina gidan da yake zaune ciki, kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya matuƙar abin da za a cire bai wuce naira 500,000 ba, sai abin da yake zubawa a inshorar lafiya ta ƙasa. Rasiɗin asibiti ba ya cikin jerin. Ka sayar da fili ka yi wa mahaifiyarka wankin ƙoda, a idon mai karɓar haraji daidai kake da wanda ya sayar da nasa filin ya ƙara aure.

Da jin haka sai aka hau salati. Aka ce zalunci ne, a faɗaɗa rangwamen, duk wanda ya kawo rasiɗin likita a rage masa. A nan wajenmu ma na ji masu sa kwat suna maimaitawa, wai in ƙura ta lafa aka zauna gyaran dokokin ƙasa kada a manta da wannan, a sa har da wanda ya kai mara lafiyarsa Alƙahira ko Amman ko Indiya. Ni kam ba na cikin wannan sahu. Ƙuncin rangwamen gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai in an buɗe shi ta ƙofar da suke nema, ko taku ɗaya ba zai matsa kusa da mutumin da ciwo ya fi ci ba.

Mu yi lissafin da ɗan firamare zai iya. A dokar ta Najeriya, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan a fara da kashi 15 cikin 100, a yi ta hawa har a kai 25 ga wanda samunsa ya haye naira miliyan 50. To, a ce gobe an amince a riƙa cire kuɗin jinya. Mutum uku suka kwanta ciwo iri ɗaya, kowa ya kashe naira 100,000. Babban darakta zai ga an sauke masa 25,000. Ƙaramin akawu, 15,000. Mai tura baro a Kantin Kwari, wanda samunsa bai kai a yanka masa harajin ba, me za a sauke masa? Ai ba a rage abin da babu. Wato baitulmali ya fi tausayin hantar darakta a kan ta mai baro, alhali kuɗin da aka yafe wa daraktan daga tukunyar da ake sayen gado da allurar asibitin gwamnati ya fita, asibitin da mai baro ba shi da wani sai shi.

Kada a ce rowar gwamnatocinmu ce kawai. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi da iya ajiye takardu sun bi wannan hanya, kowacce kuma sai da ta kewaye ta da ƙaya. A Amurka, sai abin da ya haura kashi 7.5 cikin 100 na samun mutum a shekara ake cirewa, shi ma ga wanda ya zauna ya bi abin da ya kashe ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Tun gyaran dokar 2017, kusan tara cikin goma na masu biyan haraji ba sa bi ta nan. Ingila ta taɓa yi wa 'yan shekara 60 zuwa sama rangwame a kan inshorar asibitocin kuɗi a 1990, zamanin Thatcher, Gordon Brown ya soke shi a 1997, domin yawancin waɗanda suka ci moriyarsa mutane ne da dama can suna da inshorar. Afirka ta Kudu ta hango wannan lissafi na darakta da akawu, a 2012 ta mai da rangwamen adadi ɗaya ga kowa. Ta yi ƙoƙari. Amma har gobe sai kana da harajin da za a rage kafin ka ga amfaninsa. Ga kuma matsalar da ba sai an je Turai ba: duk wanda ya san yadda rasiɗi ke da araha a garuruwanmu ya san ranar da aka ce takardar likita na sauke haraji, ranar za a wayi gari attajirai duk sun kamu da ciwon da ba ya hana cin nama.

To, mu dawo gida, inda maganar ta fi ciwo.

Wanda bai san Gadarif ba, ita ce rumbun Sudan. Dawa da riɗi ake nomawa da ruwan sama a baƙar ƙasa mai danƙo, gona ɗaya sai ta kai fadan dubu, fadan kuwa ya ɗan ɗara eka, tun tsakiyar shekarun 1940 da Turawan Ingila suka kawo noman tarakta Gadambaliya. Tarakta na huɗa, tana shuka, amma riɗi har yau yawancinsa da lauje ake yankawa, kuma ba ya jira: in ya nuna aka yi sake na 'yan kwanaki, kwanson ya buɗe ya zube. Don haka kowace kaka dubban 'yan ƙwadago ke kwararowa, waɗanda ake kira jango, daga yammacin ƙasar, daga Habasha, da kuma ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara, inda jikokin alhazan ƙafa suka kafa zama. A cikin waɗannan mutane, da ƙananan manoman da ke raɓe da manyan gonaki, nawa ne suka taɓa riƙe takardar albashi?

Amma kar wani ya ce ba sa biya. Bi buhun riɗi ɗaya daga masussuka ka gani. Tun da ruwan sama ne ya shayar da shi, ushiri ne a kansa, ɗaya cikin goma, kuma a Sudan ba a bar wa mutum ya fitar da kansa ba. Diwanin Zakka ne ke karɓa da ƙarfin doka, wadda ake aiki da ita tun 2001. Zakka ibada ce, ban haɗa ta da haraji ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi daga buhun nan ake ɗiba, kuma hannun hukuma ne ke ɗiba. Harajin noma kuwa an ce an soke shi fiye da shekara ashirin da suka wuce. Sunan aka soke. Ya dawo da sunaye iri-iri, kuɗin kasuwa, kuɗin hidima, kuɗin ƙaramar hukuma, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya kafin mota ta kai Port Sudan, shingayen da aka sha ba da umarnin a ɗage su, su kuma suka sha dawowa. Mai fitar da kaya waje ba ya biyan ko ɗaya daga aljihunsa. Yana ragewa ne daga farashin da zai ba dillali, dillali ya rage daga na manomi, manomi ya rage daga ladan mai lauje. Mai lauje ya juya bai ga kowa a bayansa ba. Ya karɓi ɗan abin da ya samu ya shiga kanti, nan ma akwai harajin sayen kaya na kashi 17 cikin 100 yana jiransa a kan sabulu da yadi, na kiran waya kuwa ya fi haka nesa. Wannan shi ne mutumin da ake cewa ba ya cikin littafin haraji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga ciwonsa kuma. Akwai cutar da jihar nan ta yi suna da ita kamar yadda ta yi suna da riɗi, ita ce kala-azar. Wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro girma ba ne ke ɗauke da ita, yana ɓuya a tsagar ƙasa da dajin aduwa da dushe. Ya ciji mutum da bazara, ciwon ya kwanta ya yi watanni, sai wajen kaka ya tashi. Zazzaɓin da ba ya sauka, rama, saifa ta kumbura har ciki ya fito. In ba a yi magani ba, kaɗan ne ke tashi. In an yi, yawanci ana warkewa. A da allura ce ta kwana 30, yanzu an haɗa magani biyu ta dawo kwana 17. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru a kan wannan aiki, a Ummul Khair ta bakin Rahad tun 1996, daga baya a Tabarak Allah. Maganin kyauta ake bayarwa. Wannan shi ne abin da masu ofis ke kira tallafin da aka auna aka kai wa mai buƙata, kuma na yaba, domin ya ceci rayukan da ba mai iya ƙirgawa.

Sai dai kyautar a bakin sirinji ta tsaya. Kafin a gane kala-azar ce, an yi wa yaro maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu a kantin magani, an yi na taifot, an je wajen mai sassaƙe, kowanne da kuɗinsa. Sannan tafiya. Wanda bai taɓa ganin ƙasar Gadarif da damina ba ba zai gane ba: in ruwa ya sauka, hanyar ƙauye ta koma taɓon da ke cire wa mutum takalmi, ba abin da ke ratsawa sai tarakta. A nan tarakta ake ce wa babur, don haka in Bagadarife ya ce maka a babur aka kai matarsa asibiti, kada ka zaci acaɓa ya hau. Mai tarakta kuɗin mai zai caje ka, man da aka janye wa tallafi tun Yunin 2021. An isa, an ba da gado. Kwana 17 sai da mai jinya, mai jinya sai ya ci, mara lafiya kuwa likita ya ce a ba shi madara da nama domin jini ya dawo. Duk wannan a daidai makonnin da riɗi ke zuba a gona, makonnin da gidan ke samun abin da zai ci shekara. Daga nan sai shel, wato ka karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa yau, ka biya da buhu gobe a farashin da shi ya yanka. Yaro ya warke, Alhamdu lillahi. Amfanin bana kuwa an cinye shi tun yana tsaye. Ku faɗa mini, wane ofishin haraji wannan mutum zai kai wa rasiɗinsa? Mai tarakta yana ba da rasiɗi ne?

In ka faɗi haka a gaban mai muƙami, amsarsa a shirye take: ai magani ba haraji a kansa. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, a takarda dokar harajin sayen kaya ta keɓe magani da aikin likita. Amma mafi yawan maganin da muke sha da dala ake shigo da shi, wanda ake haɗawa a gida ma kayan haɗinsa daga waje suke zuwa. A Fabrairun 2021, rana ɗaya aka sauya farashin dala a banki daga fam 55 zuwa 375. A 2024 ta haye fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Mai ciwon suga da ke sayen allurarsa duk wata, me yafe masa kashi 17 cikin 100 ya tsinana masa? Faɗuwar kuɗi ita ma haraji ce, kuma ita ba ta keɓe kowa.

Akwai labarin da ya kamata kowane manomin riɗi ya riƙe. Babban Bankin Sudan ya taɓa wajabta wa masu fitar da kayan da ba man fetur ba su bar kashi 10 cikin 100 na dalar da suka samo, a farashin gwamnati mai rahusa, domin a shigo da magani. Riɗi na cikin manyan kayan da ƙasar nan ke fitarwa, kuma mun ga inda asarar mai fitar da kaya ke gangarawa. Ashe gumin Gadarif ne ke sauke farashin magani ga ƙasa baki ɗaya. Da ya isa ga mara lafiya, da sai mu ce sadaka ce. A 2016 sai ta bayyana cewa kamfanoni da dama na karɓar dalar da sunan magani suna juya ta wani wajen, har bankin da kansa ya hana su mu'amala da bankuna. Me aka yi? A Nuwambar shekarar aka janye dalar maganin gaba ɗaya. Farashi ya ninka, wani ya ninka uku, har mutanen Khartum suka ƙi fita aiki kwana uku daga ranar 27 ga watan. Ɓarawo ya ci, aka hukunta majinyaci. Rijiya ta bayar, guga ya hana, sai aka rufe rijiyar.

Haka sauran sassaucin suke, kowanne da igiya a ƙafarsa. Daga samun 'yanci a 1956 har farkon shekarun 1990, magani a asibitin gwamnati kyauta ne bisa ƙa'ida. Da aka saki kasuwa a 1992 aka kafa tagar biyan kuɗi a ƙofar asibiti, sai aka shiga yi wa tsarin faci. A 1996 aka ce taimakon gaggawa kyauta ne, amma na awa 24 na farko. A 2008 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta. Yaro ya cika biyar da kwana ɗaya, sauro bai san ya girma ba. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka yi wa doka a 1994 aka fara ta a Sinnar a 1995, an gina ta ne a kan albashi: kashi 4 daga ma'aikaci, 6 daga wanda ya ɗauke shi aiki, kuma ko da katin sai ka biya rubu'in kuɗin magani. Daga baya Diwanin Zakka da ma'aikatar kuɗi suka riƙa biya wa iyalai matalauta, dokar 2016 kuma ta ce wajibi ne kowa ya shiga. Adadin masu kati ya hau, ba shakka. Amma kati ba ya warkarwa in ɗakin shan maganin ƙauyenku ba mai duba mutane, ko akwai shi babu ƙwaya a kanta. Shi ya sa duk da wannan faci, tun kafin yaƙi, kusan biyu cikin uku na abin da ake kashewa a kan lafiya a Sudan daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye. Najeriya ma ba ta fi mu ba a nan. Dukkanmu kuwa muna cikin tarayyar da shugabanninta suka taru a Abuja a Afrilun 2001 suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya.

Ga wani ƙulli da ya shafe mu mu Hausawa fiye da wasu. Duk tallafin da aka ce na talaka ne, sai talakan ya tabbatar da abu biyu, cewa shi talaka ne, da cewa shi ɗan ƙasa ne. Na farko sai da shaidar kwamitin unguwa, ɗan jango kuwa ba shi da unguwa, bana yana Fashaga, baɗi yana Galabat. Na biyu sai da lambar ƙasa, kuma ba sai na faɗa wa kowane Bahaushen Sudan irin tambayoyin da ake yi wa mai suna irin namu ba, ko da kakansa na cikin waɗanda suka iso Maiwurno bayan yaƙin Burmi na 1903, tun ƙasar ba ta da tuta. Lokacin karɓa a kasuwa ba a taɓa tambayar buhu asalin mai shi ba. Sai an zo bayarwa ake neman sunan kaka na huɗu.

Na san abin da za a ce mini, don ana faɗa mini a waya ina tsakiyar shiri. Malamin makaranta ya bugo ya ce, ɗan'uwa, kana magana kamar mai albashi a inuwa yake, alhali tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 mun yi watanni ba mu ga albashin ba. Malam, gaskiyarka. Ni ma da albashi nake ci, na san yadda yake ƙarewa kafin wata ya raba. Amma duba da kyau, rangwamen da kake nema nawa zai dawo maka da shi? Harajin da ake cire maka a wata bai kai kuɗin awon jini ɗaya ba. Ko an yafe maka shi duka, ba zai saya maka ƙarin ruwa leda biyu ba. Wanda zai ci ribar gaske shi ne mai kamfanin da ke tashi a jirgi ya je a duba shi, ya dawo da rasiɗin dala. Kai da mai lauje layinku ɗaya a asibiti, maslaharku ma ɗaya ce: a ce in kun isa tagar nan ba a tambaye ku kuɗi ba.

Wasu kuma su ce ana yaƙi, ba lokacin wannan magana ba ne. Yaushe ne lokacinta? A nan Gadarif aka fara shelar ɓarkewar kwalara a Satumbar 2023. A Disambar shekarar Wad Madani ta faɗi, jama'arta suka cika makarantunmu da gidajenmu, bayan wata shida na Sinja suka biyo, ga 'yan gudun hijirar Tigray da ke Um Rakuba tun 2020. Masana'antun magani na Bahri sun tsaya, asibitocin Khartum da ake tura masu ciwon ƙoda da daji suka rufe, nauyin ya faɗo kan jihohin da suka rage a tsaye. A duk tsawon wannan lokaci kasuwar amfanin gona ba ta daina ci ba, mai karɓa bai daina karɓa ba. In yaƙi bai hana karɓa ba, ban ga dalilin da zai hana a yi maganar inda abin ke zuwa ba. Kuma hukuma ta iya keɓe kuɗi don jinya in ta so. Mu da muka tashi zamanin Bashir mun san damgar jarihi, ɗan kan sarkin nan da ake liƙa wa takardu ana karɓar kuɗinsa da sunan jinyar sojan da ya ji rauni. Ba wanda ya ce tsarin ya yi wuyar aiwatarwa.

Na uku su ne masu cewa ba ƙasar da za ta iya yi wa kowa magani kyauta. Ban ce kowa ba, ban ce komai ba. Na yarda a iyakance, na yarda a auna. Rigimata da ma'aunin ce. Ghana ta yi doka a 2003, ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan sayen kaya ta ce na asusun lafiya ne, ta ɗauke wa yara da tsofaffi da marasa galihu kuɗin shiga, daga baya ta ƙara da masu ciki. Tsarin yana da nasa ciwon, asibitoci na kukan jinkirin biya, amma dai ya gane abu ɗaya: talaka a kanti yake biyan haraji, don haka a asibiti ya kamata a mayar masa. Nijar kuwa ta shelanta magani kyauta ga ƙananan yara a 2006 ba tare da ta tanadi tukunyar da za ta riƙa biya a kan kari ba, bashin ya taru, kantoci suka bushe, iyaye suka koma saye a waje. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi ni sanin wannan. Shela ba tare da kuɗi ba mun gan ta, mu ma mun sha ta.

Gadarif ba ta buƙatar sabon haraji, wanda ake karɓa ya isa a yi magana a kansa. A yanke wani kaso sananne daga abin da ake tarawa a kasuwar amfanin gona, a rubuta shi a doka, a ce wannan na ɗakunan shan maganin yankunan da riɗin ya fito ne, kada ya bi ta wani ofis a babban birni ya dawo ya rame. Wanda aka kwantar don kala-azar a biya masa kuɗin tarakta da abincin kwana 17, shi da mai jinyarsa. In an kwatanta da abin da buhunan ƙauyensu suka zuba, ba wani abu ba ne. Mai babbar gona da ya ɗauki 'yan ƙwadago ya rubuta sunayensu a ba su katin jinya na kakar, ba tare da an tambayi kakan kowa ba, tunda lokacin da aka miƙa musu lauje ba a tambaya ba. Mai hawan jini da mai ciwon suga, waɗanda za su sha magani har ƙarshen rayuwa, a ɗauke musu rubu'in nan. Mai zuwa Amman kuwa Allah ya ba shi lafiya, ya biya harajinsa cikakke.

Kowace kaka muna karanta wa masu sauraro farashin riɗi da dawa yadda gwanjo ya tashi, ba ma kuskuren fam ɗaya, domin mun san akwai mai jira da rediyo a kunne. Adadin da nake nema in karanta shi ne ɗayan: nawa aka tara a kasuwar nan bana, nawa ne daga ciki ya koma ɗakunan shan magani na Rahad da Galabat da Basunda da Ƙuraisha, kuma wane ɗaki ya samu nawa. Wanda littafin ke hannunsa ya aiko da shi, ko ya zo da kansa ya karanta, za mu ba shi fili kyauta.